Kundin aikin bututun bangon matsi, daga Asawase zuwa Magazin

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka buɗe wannan kundi, ni da ɗalibai shida na ƙungiyar kimiyya ta makarantar da nake koyar da fiziks a gefen unguwar Asawase, a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, domin mu riƙa rubuta abin da muka yi, da abin da ya ƙi yiwuwa, da dalilin da muke zaton ya hana shi. Asalin aikin wata tambaya ce da ɗaliba 'yar Aboabo ta yi mini a ƙarshen zangon da ya wuce. Ta ce, "Malam, gas ɗin da ke cikin tukunya shi ne muke dafa shinkafa da shi kullum lafiya lau, to me ke sa wata rana ya rushe ɗaki?" Na ba ta amsar da ke cikin littafi, ta karɓa saboda ladabi, amma fuskarta ta nuna ba ta gamsu ba, kuma da na koma gida na tarar ni ma ban gamsar da kaina ba.

Mun tsara abubuwa uku. Za mu duba yadda harshen wuta ke tafiya a cikin gaurayen gas da iska, za mu ƙera bututun ƙarfe wanda zai haifar da igiyar matsi mai gudun da ya wuce na sauti mu auna ta da kanmu, sannan mu sa kwamfuta ta lissafa abin da ya kamata mu gani. Na gindaya sharaɗi ɗaya tun kafin a sayi ko da noti: iska ce kaɗai za ta shiga bututun, ba gas, ba fetur, ba kabaid.

Litinin, 20 ga Janairu

Yau shekara uku cif da abin da ya faru a Appiatse, kusa da Bogoso a Yankin Yamma, inda motar da ke ɗauke da abubuwan fashewa na haƙar ma'adinai ta yi hatsari ta kama wuta, daga baya ta tashi da garin kusan gaba ɗaya, ta bar rami a tsakiyar hanya. Na sa ɗaliban su jera wannan da abin da ya faru a Atomic Junction ta unguwar Madina a Accra ranar 7 ga Oktoba, 2017, da kuma gobarar gidan mai ta Kwame Nkrumah Circle, ita ma a Accra, ranar 3 ga Yuni, 2015, wadda ta haɗu da ambaliya ta ci rayuka fiye da 150. A bakinmu duka ukun fashewa ne. A wurin fiziks kuwa ba ɗaya ba ne: a Circle mai ne ya bi saman ruwa wuta ta bi shi, a Madina gas ne ya ɓalle ya bazu ya tarar da wuta, a Appiatse kuma abin da ke cikin motar ne ya ƙone cikin ƙiftawar ido ta wata hanya dabam wadda ba ta jiran zafi ya ratsa.

Saboda haka muka shafe kusan awa biyu muna neman sunaye, domin wanda bai raba suna ba ba zai raba tunani ba. Ƙunar da ke tafiya a hankali, ƙasa da gudun sauti, mun sa mata wuta mai rarrafe. Wadda ke wuce sauti ninki biyar ko fiye, wadda masana ke kira ditoneshan, mun sa mata wuta mai sukuwa, kuma wani ɗalibi wanda kakansa ke kiwon dawaki ne ya kawo kalmar. Igiyar da ke ɗaga matsin iska farat ɗaya, wadda ake ji a ƙarar aradu da tsinken bulala, mun ƙi kiranta igiya kawai, saboda igiyar ruwa tana hawa tana sauka a hankali, ita kuwa wannan tsaye take kamar katanga. Mun tsaya a kan bangon matsi.

Na gaya musu cewa bambancin nan bai daɗe da bayyana ga masana ba. A shekarar 1881 ne ƙungiyoyi biyu a Faransa, Berthelot da Vieille a gefe ɗaya, Mallard da Le Chatelier a ɗaya gefen, suka lura cewa wutar da aka kunna a bakin dogon bututu tana iya sauya hali a tsakiyar tafiya, ta tashi daga 'yan mitoci a sakan zuwa dubbai. Abin da ya sa Mallard da Le Chatelier wannan bincike shi ne mutuwar masu haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun kunna murhun Bunsen na ɗakin gwaji, muka buɗe ƙofar iskarsa har harshen ya koma shuɗi, da ɗan ƙaramin tsini a ciki mai kama da malafa. Wannan tsini shi ne wuta mai rarrafe da kanta, tana ƙoƙarin gangarawa cikin bututun, gas da iska kuma suna turo ta sama, sai ta tsaya cak a inda ƙarfin biyu ya yi daidai. Mun ɗauki hoto da waya da rula a gefe. Faɗin bakin murhun milimita 11 ne, tsayin tsinin kuma ya kai milimita 20, wanda ke nufin gefensa ya karkata da kimanin digiri 15. Niyyarmu ita ce mu fitar da gudun wutar daga wannan karkata, amma hakan na buƙatar sanin yawan iskar da murhun ke zuƙowa ta gefe, mu kuwa ba mu da ma'aunin da zai ba mu wannan. Sai muka juya lissafin: muka ɗauki gudun da aka sani na wutar gas ɗin girki, wato kimanin mita 0.4 a sakan, muka samu cewa gaurayen yana fita da kusan mita 1.5 a sakan. Na nace a rubuta cewa wannan ba aunawa ba ce, aro ne.

Adadin nan na 0.4 ya ba su mamaki ƙwarai, domin tsoho mai sanda ma ya fi shi sauri. Dalilin jinkirin shi ne yadda wutar ke tafiya: ɓangaren da ya ƙone yana miƙa zafi da gutsattsarin sinadarai ga ɓangaren da ke gabansa, shi ma ya kama ya miƙa gaba, kuma duk wannan na faruwa a cikin kaurin da bai kai milimita ɗaya ba. Idan aka sace zafin, wutar ta mutu. Mun nuna haka da ragar waya: muka riƙe ta a saman murhun, muka kunna gas a samanta, harshen ya tsaya a sama ya kasa ratsowa ƙasa. Wannan ita ce dabarar fitilar da Humphry Davy ya ƙera wa masu haƙar kwal na Ingila a 1815.

Daga nan muka koma ga tambayar 'yar Aboabo. Gas ɗin girki gaurayen furofen ne da biyuten, kuma duka biyun sun fi iska nauyi, na farko da kusan ninki ɗaya da rabi, na biyu da ninki biyu, don haka idan tiyo ya tsage ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Ba ya kama wuta sai ya kai kimanin kashi 2 cikin ɗari na iskar wurin, kuma idan ya wuce kashi 9 zuwa 10 ya yi yawa ba zai kama ba. A ɗaki mai mita uku ta kowane gefe, kusan kilo ɗaya ya isa ya kai iyakar ƙasa, alhali babbar tukunyar da aka saba gani a gidajenmu kilo 14.5 take ɗauka. Wutar da ta ci irin wannan gauraye tana kai zafin da ya kusa digiri 2,000, iskar da ta ƙone kuma tana neman faɗaɗa ninki bakwai zuwa takwas. A kan murhu tana da sararin da za ta tafi. A rufaffen ɗaki babu, sai matsi ya hau, kuma gilashin taga da ginin bulo suna sallamawa tun matsin bai kai ko kusa da ƙarshensa ba. Wato wuta mai rarrafe ma ta isa ta rushe ɗaki, ba sai ta yi sukuwa ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na tafi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda da muke kira Magazin, da ɗalibai biyu wurin wani dattijo mai walda, mutumin Sabon Zango, wanda kowa ke kira Masta. Na je da zane, kuma a zanen na rubuta bututun roba irin na ruwa saboda araha da sauƙin ɗauka. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin yadda robar nan ke tarwatsewa idan iska ta fi ƙarfinta? Ba tsagewa take yi ba, wuƙaƙe take zama." Ban yi gardama ba, domin gaskiyarsa ce, kuma kunya ta kama ni da na bar araha ta rufe mini ido a gaban yaran da nake koya wa taka tsantsan.

Mun sayi bututun ƙarfe mai faɗin inci biyu. Ya yanka shi gida biyu: guntu mai mita ɗaya, rufaffe ta baya, da bakin hura iska irin na tayar mota da geji, wanda muka kira ɗakin matsi; da dogo mai mita biyu da rabi, buɗaɗɗe a ƙarshe, wanda muka kira hanyar gudu. A mahaɗarsu ya liƙa faifan ƙarfe biyu masu ramukan noti shida, inda za a matse tantanin da zai raba iska mai matsi da iskar waje. Ya huda ƙananan ramuka biyu a hanyar gudu, na farko mita ɗaya daga tantani, na biyu mita ɗaya daga na farko, kuma ya auna tazarar sau uku kafin ya sa injin huji.

Kafin ya bar mu mu ɗauka, ya toshe mahaɗar da farantin ƙarfe, ya cika ɗakin matsi da ruwa, ya matsa shi har geji ya nuna 150 a ma'aunin psi irin na iskar taya, ya bar shi rabin awa yana duba walda ko za ta yi gumi. Ɗaya daga cikin yaran ya tambaye shi me ya sa ruwa ba iska ba. Ya ce ruwa idan ya sami ƙofa tsartuwa yake yi, iska kuwa harbi take yi. A aji zan ce ruwa ba ya matsuwa, don haka ba ya tara ƙarfi a cikinsa, amma ban ga abin da zan ƙara a kan maganarsa ba. A cikin tarotaro, motar haya, muka dawo da ƙarfen, kwandasta ya caje mu kuɗin mutum biyu a kansa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na zauna ni kaɗai na yi lissafin abin da muke sa ran gani, domin a rubuta shi kafin gwaji, kada daga baya zuciya ta ja lissafi zuwa ga sakamako. Ƙa'idar ta fito ne daga aikin Rankine na 1870 da na Hugoniot a ƙarshen shekarun 1880, kuma ba ta ce komai ba illa cewa abin da ya shiga bangon ta gaba dole ya fita ta baya: yawan iska, da ƙarfin turawa, da makamashi. Shi kansa bututun irin namu Paul Vieille ne ya fara ƙera shi a 1899.

Idan muka hura ɗakin matsi har geji ya nuna 29, kusan abin da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota, matsin ciki ya zama ninki uku na iskar waje. A zafin digiri 30 sauti na gudun mita 349 a sakan. Lissafi ya ce bangon zai yi gudun ninki 1.26 na wannan, wato kimanin mita 440 a sakan, matsi a bayansa zai hau zuwa ninki 1.7, iskar da ya ratsa za ta tashi daga digiri 30 zuwa kusan 80 ba tare da wata wuta ba, kuma za ta bi shi a baya da gudun mita 135 a sakan. Wannan ɗumamar da matsi kaɗai ke kawowa na ja mata layi biyu a ƙasa, domin a kanta maganar wuta mai sukuwa za ta tsaya.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya shiga, mun mayar da zama zuwa safiya. Ma'aunanmu faifan fiyezo ne, masu mayar da bugu ya zama siginar lantarki, guda biyu da muka ciro daga lalatattun agogunan ƙararrawa, muka liƙa a kan ramukan, muka haɗa su da mashigar sauti ta kwamfuta, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Kwamfutar na ɗaukar samfuri 48,000 a sakan, wato tana auna sautin sau 48,000 a kowane sakan, saboda haka aikinmu shi ne ƙirga samfuri nawa ne tsakanin bugun farko da na biyu.

Tantani ya wahalar da mu. Ledar fiya wata miƙewa take yi kamar balan-balan ta huje a gefe. Tsohon fim ɗin hoton ƙashi ya ƙi fashewa sam. Takardar alminiyon ta naɗe abinci, ninki biyar, ita ce ta fashe kusa da inda muke so. Da aka yi harbin farko, da ƙarar da ta kori kajin maƙwabta, sai tazarar ta fito samfuri 10, wanda ke nufin kusan mita 5,000 a sakan. Wani ɗalibi ya yi tsalle yana kabbara. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi gudun sauti a cikin ƙarfe. Ya duba littafi, ya zauna shiru. Girgizar fashewar tantanin ce ta bi jikin bututun ta riga iskar isa.

Asabar, 22 ga Maris

Tun da ma'aunai na jiran gyara, mun koma kan kwamfuta. Mun ɗauki matsalar gwaji da Gary Sod ya wallafa a 1978, wadda duk mai rubuta manhajar lissafin bangon matsi ke fara gwada kansa da ita: bututu mai tantani a tsakiya, a hagu matsi 1 da kaurin iska (wato yawan cunkushewarta) 1, a dama matsi 0.1 da kauri 0.125. Amfaninta shi ne an san amsarta daidai, domin irin matsalar da Riemann ya warware ce tun 1860.

Mun rubuta da harshen kwamfuta na Python, muka raba bututun gida 400. Hanyar farko da muka bi, wadda ke ɗaukar bambancin maƙwabcin hagu da na dama kai tsaye, ta haifar da zane mai haƙora kamar zarto, daga nan lambobin suka haukace. Mun rage tsawon kowane taki na lokaci bisa sharaɗin Courant da Friedrichs da Lewy na 1928, wanda ke cewa kada labari ya tsallake gida fiye da ɗaya a taki guda, amma haƙoran ba su tafi ba, domin cutar ba a nan take ba. Sai da muka koma ga tunanin Godunov na 1959, wanda ke ɗaukar kowace iyaka tsakanin gidaje biyu a matsayin ƙaramin bututu mai tantaninsa, sannan zanen ya natsu. An ɗauke wuta sau biyu muna tsakiyar aiki, kuma batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, don haka yanzu kowa ya koyi adana aiki bayan kowane layi.

Matsin tsakiya ya fito 0.303, gudun iskar 0.927, gudun bangon 1.75, duk daidai da amsar da aka sani. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗaliban sun ga da idonsu cewa fashewar tantani abu uku take haifarwa: bango mai gudu gaba, sassauci mai komawa baya cikin ɗakin matsi yana faɗaɗa, da kuma iyaka a tsakani inda iskar da ta yi zafi ke gaba, wadda ta yi sanyi ke biye, matsinsu ɗaya amma kaurinsu dabam. Wata ɗaliba ta tambayi dalilin da ya sa matsi ke taruwa ya zama bango, sassauci kuwa ya bazu. Amsar ita ce kowace ƙaramar igiyar matsi tana ɗumama iskar da ta ratsa tana kuma tura ta gaba, don haka ta bayanta ta fi ta sauri, sai ta baya ta cim ma ta gaba har su taru wuri ɗaya mai kaurin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson ƙofar kasuwar Kejetia ana turowa daga baya ya san yadda jiki ke haɗuwa da jiki a gaba. A sassauci akasin haka ne, ta baya ta fi nauyin ƙafa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan hutun sallah na koma wurin Masta da labarin girgizar ƙarfe. Bai ce komai ba, ya yanko tsohon tub na taya, ya yi wa kowane faifai matashi ninki uku, ya ɗaure da zaren roba maimakon gam, yadda faifan zai fuskanci ramin ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Girgizar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, amma ta koma ɗan kaɗawa a zane, bugun iska kuma ya fito tsaye ba mai musunsa.

Mun fara da tantance ma'aunin: aka cire ɗakin matsi, aka yi tafi a bakin bututun, tazara ta fito samfuri 137 zuwa 138, wato gudun sauti daidai da zafin ɗakin. Sannan muka yi harbi biyar, kowa da toshiyar kunne, ba kowa a gaban baki. Uku daga ciki tantanin ya fashe geji na tsakanin 28 da 30, kuma tazarar ta fito 113, 112, da 114. Matsakaicin ya ba da kimanin mita 425 a sakan, ninki 1.22 na gudun sauti. Lissafin Fabrairu ya ce 109. Ragowar biyun mun ware su, saboda tantanin ya yage ta gefe ɗaya tun geji bai kai 22 ba, amma mun rubuta su.

Gibin samfuri huɗu bai dame ni ba, kuma ta inda ya kamata ya karkata. Lissafi yana ɗauka cewa tantani na ɓacewa nan take, alhali namu ninki biyar ne da ke yagewa ɗaya bayan ɗaya, kuma jikin bututun da ke da tsatsa a ciki yana jan iskar da ke gefe. Da sakamakon ya wuce lissafi, da shi ne abin tsoro. Abin da ya tabbata shi ne cewa da famfon taya da takardar naɗe abinci, a wani aji a Kumasi, an tura iska ta riga sautinta.

Laraba, 23 ga Afrilu

Abin da na san zai zo ya zo. Ɗalibai uku sun same ni bayan darasi, cikin ladabi, suna roƙon a sa ɗan gas kaɗan a hanyar gudu, ko sau ɗaya, don a ga wuta mai sukuwa. Na ƙi, kuma na ga ya dace in rubuta dalilin a nan dalla-dalla maimakon in tsaya a kan ikon malami.

Wuta mai sukuwa ba wuta mai rarrafe ba ce da ta ƙara sauri. Bangon matsi ne a gaba, mai ƙarfin da ya isa ya ɗumama gauraye har ya kama da kansa, sai ƙunar da ta biyo baya ta faɗaɗa ta tura bangon, shi kuma ya kunna na gabansa. Bango na kunna wuta, wuta na tura bango, ba mai jiran zafi ya ratsa. Chapman a 1899 da Jouguet a 1905 sun nuna cewa irin wannan tafiya tana da gudu guda ɗaya da take zaɓa, wanda a cikinsa iskar da ta ƙone ke barin bangon da gudun sauti daidai, ta yadda babu wani sassauci daga baya da zai cim masa ya raunana shi. Zeldovich a 1940, von Neumann a 1942, da Döring a 1943, kowa a ƙasarsa ana tsakiyar yaƙi, suka bayyana cikinta: bango tukuna, sai ɗan jinkiri, sannan ƙuna. A gaurayen furofen da iska gudun ya kai kimanin mita 1,800 a sakan, matsi kuma kusan ninki 18, a bakin bangon ma ya kusa ninka wannan. A haidurojin da oksijin gudun ya wuce mita 2,800. Namu bangon na ninki 1.7 ɗan yaye ne a gabansu.

Abin da ya fi hana ni shi ne yadda mai rarrafe ke rikiɗa ta zama mai sukuwa, domin dogon bututu rufaffe ta baya shi ne gidan da ta fi so. Iskar da ta ƙone tana tura wadda ba ta ƙone ba, turawar na hargitsa ta, hargitsin na yamutsa fuskar wutar ya ƙara mata faɗi, faɗin na ƙara ci, cin na ƙara turawa, har igiyoyin matsi su taru su zama bango kamar yadda muka gani a kwamfuta. Shchelkin a Rasha ya nuna cewa sa naɗaɗɗiyar waya a cikin bututu, wato ƙara masa cikas, yana gaggauta wannan rikiɗa ƙwarai. A ma'ajiyar mai ta Buncefield a Ingila, a Disamban 2005, binciken da aka yi ya nuna cewa bishiyoyi da ciyayin gefen hanya sun taka irin wannan rawa ga tururin fetur da ya bazu. Su ma masu walda na Magazin da ke aiki da asitilin na kabaid suna zaune da wannan haɗari kullum, shi ya sa mai hankali a cikinsu ba ya kunna tocila sai da abin tare wuta a kan tiyo.

Na nuna musu hotunan farantan da ake shafa wa kunkunniya a sa cikin bututu, inda wuta mai sukuwa ke barin zane kamar ɓawon kifi, shaidar cewa fuskarta ba shafaffiya ba ce, cike take da ƙananan bangaye masu karo da juna ta gefe. Girman ɓawon na nuna saurin kamawar gauraye: na haidurojin da iska kusan santimita ɗaya, na furofen kimanin biyar, na gas ɗin mitan (methane) kusan santimita talatin. Suka dubi faɗin bututunmu, inci biyu, wato santimita biyar, ba wanda ya sake magana.

Asabar, 10 ga Mayu

Na kai wa Masta sakamakon a takarda, hira kuma ta kai mu ga injin mota. Da na ambaci nokin, sai ya ɗauka ina nufin injin da ya ƙone ya kafe saboda rashin baƙin mai, domin haka kalmar take a bakin kowane makanike a nan. Na ce ina nufin ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda mota ke yi idan ta ɗauki kaya tana hawan tudu da babban giya. Ya ce wannan ai kowa ya san ta, ko fetur ne mara kyau ko an gaggauta wutar fulogi. Ya shiga ciki ya fito da wani fistan wanda gefen kansa ya zaizaye kamar ɓera ya ci.

Abin da ke faruwa shi ne fulogi na kunna wuta mai rarrafe, tana tafiya tana matse ragowar gaurayen da ke can gefe, kuma idan ragowar ya yi zafi ya kama da kansa kafin wutar ta iso, sai matsi ya tashi farat ɗaya ya riƙa kai da komo a cikin silinda sau dubbai a sakan. Galibi bai kai cikakkiyar sukuwa ba, amma ɗan'uwanta ne na jini, domin matsi ne ya kunna shi. Lambar okten da ake rubutawa a famfon gidan mai, 91 ko 95, ma'aunin juriyar fetur ce ga wannan kamawa, kuma furofen ya wuce 100, abin da ya sa tasi masu amfani da gas ba su cika wannan ƙara ba. Masta ya ba mu fistan ɗin kyauta, yanzu yana kan tebur kusa da bututun.

'Yar Aboabo ta kawo shafi biyu da ta rubuta da Hausa don matan gidansu, a kan ajiye tukunya a waje, da buɗe ƙofa da taga idan an ji wari, da barin makunnin lantarki yadda yake har iska ta wanke ɗakin. Na gyara mata wuri ɗaya kawai, inda ta rubuta cewa gas na tashi sama.

Saura abu biyu. Muna neman madubi mai lotsawa don gwada dabarar Toepler ta 1864, wadda da ita Ernst Mach da Salcher suka ɗauki hoton bangon da ke gaban harsashi a 1887, ko za mu ga namu yana fita daga bakin bututun. Kafin nan, Asabar mai zuwa za mu wanke tsatsar ciki, mu ƙara tantani zuwa ninki bakwai, mu kai geji 43, wato ninki huɗu na iskar waje. Lissafi ya ce ninki 1.34 na gudun sauti, samfuri 103. Na sa kowa ya rubuta hasashensa a bayan wannan shafi ya sa hannu, kuma mafi yawansu sun rubuta 107.